Rasuwar Kaltume, Kwamfutar da Aka Hana Cewa Wash

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, ni Harira, 'yar autan Malam Zakariyya mai rabon gado na Abakpa, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da ɗaliban Malam na kusa da na nesa rasuwar Kaltume, kwamfutar da ta riƙe mana shafin karatun Baba a intanet. Ta cika ranar Talata da hantsi a ɗakin littattafan Baba, bayan doguwar rashin lafiya da ba wanda ya yi mata jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da gaske nake faɗin wannan, don an koya mana faɗinsa a kan kowace asara, kuma tare da ita muka rasa karatun Baba na shekara biyu, wanda shi kansa ba zai iya maimaita shi ba.

Ga wanda bai san ta ba, Kaltume baƙin akwati ce, tsayinta bai wuce gwiwa ba. Irin kwamfutar nan ce da masu sana'ar ke kira saba, wadda ba a zama a gabanta, sai dai ta zauna a lungu tana amsa wa duk wanda ya buɗe shafi daga wayarsa. Ni na sayo ta a gwanjo bayan wani ofis ya gama morar ƙuruciyarta. An ba ni shawara in yi hayar wurin ajiya a ƙasar waje kamar yadda kowa ke yi, Baba ya ƙi. Ya ce ba zai ajiye muryarsa a garin da ba zai iya hawa mota ya je ya karɓo ta ba. Shi ne kuma ya raɗa mata suna, don gurnaninta ya tuna masa da yayarsa marigayiya Kaltume, wadda ba ta taɓa yin aiki bakinta a rufe ba, ba ta kuma taɓa barin aiki rabi ba.

Aikinta bai da yawa, amma kullum ne. Bayan la'asar Baba yakan zauna a zaure ya karantar da ilimin rabon gado. Ni ina bayan labulen ƙofar cikin gida, na miƙa waya ta ƙasa ina naɗar muryarsa. In an tashi sai in tura wa Kaltume, ta adana, ta jera shi a shafi, wanda ke Kawo ko Zariya ko ma Makka ya danna ya ji. Shekara uku muka yi a haka, ni da ita, babu wanda ya san da zamanmu sai masu buƙatar karatun.

Ina shaida cewa marigayiya ta kasance mai haƙuri. An ɗauke wuta a tsakiyar aikinta sau ba adadi, ta tashi ta ci gaba ba tare da ta kai ƙarar kowa ba. Ta sha zafin watan Afrilu a ɗaki mai taga ɗaya. Ba ta taɓa neman hutun shekara ba, ba ta taɓa rataye riga a kujera ta tafi ɗaurin aure ba, ba ta taɓa ce wa mai buƙata ya dawo gobe oga ba ya nan ba. Na san akwai masu karanta wannan sanarwa da za su ji kamar da su nake. In sun ji haka, ba zan yi musu gardama ba.

Har yanzu ina jin muryarta. Da safe in an kunna ta takan ce "ɗit" sau ɗaya, kamar mai amsa sallama a taƙaice. Daga nan fankarta ta ɗauki "wuuu" har dare. In ana tura mata karatu sai ka ji "ƙyar-ƙyar-ƙyar" daga cikinta, alamar tana rubutawa. Baba yakan ce in bai ji wannan ƙarar ba bayan karatu, ji yake kamar bai yi karatun ba.

Amma babban halinta, wanda shi ne ya jawo mata, shi ne ba ta iya ɓoye ciwo ba. In wani abu ya lalace a cikinta, nan take take fito da shafi ruwan ɗorawa, a samansa an rubuta "Kuskure 500", a ƙasa kuma ta zayyano komai da Turanci: ga abin da aka ce in yi, ga fayil ɗin da na shiga, ga layin da na yi tuntuɓe, ga abin da na nema na rasa. Shafin ba shi da kyan gani, wannan gaskiya ne. Ni malamar lissafi ce a makarantar gwamnati, ba sana'ata ba ce, amma na koyi karanta layin ƙarshe. Sai in ɗauki hotonsa in tura wa wanda ya gina mana shafin, ya gyara kafin magariba. A shekara ukun nan ba mu rasa karatu ko ɗaya ba.

Wanda ya gina shafin shi ne Khalid, ƙanen Anti Maimuna matar babban yayanmu, mai kamfanin kwamfuta a wani bene a Kawo, a saman masu sayar da taya. Ya yi mana shi irin ginin bulo: mol ɗaya ne, kowane karatu sai a zuba masa suna da kwanan wata da murya, shafi ya fito. A saman mol ɗin ya liƙa hoton Baba da addu'ar buɗe karatu da muryar Baba, wadda aka naɗa sau ɗaya, ita ke fara fita kafin kowane darasi ya biyo baya. A riƙe maganar addu'ar nan, za mu dawo kanta.

Ciwon ajalin Kaltume ya fara ne ranar da babban yayanmu ya gano tana da amfani. Yaya Rilwanu mataimakin darakta ne a wata ma'aikata, yana zaune a Unguwar Rimi, a gidan da katangarsa ta fi ɗakunan tsayi. Shekara uku bai taɓa tambayar me baƙin akwatin nan ke yi a ɗakin Baba ba. Ranar da wani na sama da shi a ofis ya ce masa yana jin daɗin karatun mahaifinsa a waya, kafin sati ya zagayo an kafa kwamiti, Yaya ne shugaba, ni kuma an ba ni muƙamin mai naɗar murya, wato aikin da nake yi tun farko. Kwamiti ya karɓi aikin yin kwafin karatu daga hannuna, ya ce zai sayi na'ura ta musamman don haka. Aka canza kalmar sirri, aka bar mini ƙofar turawa kaɗai. Na'urar kwafin har yau ana jiran a kawo farashinta a zama na gaba.

Sai kwamiti ya shirya bikin ƙaddamar da shafin da ya riga ya shekara uku yana aiki. An kama zauren taro, an ɗauko majigi, an gayyato manya, an raba lemo. Yaya ya hau mumbari da babbar riga mai aiki, ya ce da hannunsa zai saka karatu na farko a gaban jama'a. Ya rubuta suna, ya ɗora murya, ya manta gurbin kwanan wata, ya danna. Mol ya nemi kwanan wata bai samu ba. Kaltume ta yi abin da ta saba yi, sai dai wannan karon a jikin bango, haruffa kowanne kamar tafin hannu.

Da a nan abin ya tsaya da an yi dariya an wuce. To amma na ce tana faɗin fayil ɗin da ta shiga, kuma tana faɗin sunan jakar da fayil ɗin ke ciki. Tun da kwamiti ya fara kiran Khalid taro safe da yamma, ya sake wa jakar aikin suna, ya sa mata "wahalar mijin Yaya", wato mijin yayarsa Anti Maimuna. Wani dattijo a layin gaba ya gyara tabarau, ya ɗauka cikin shirin ne, ya karanta shi da ƙarfi, a hankali, kalma bayan kalma. Babu wanda ya yi dariya a zauren, don duk masu tarbiyya ne. A mota suka yi ta, kuma har yau ba su gama ba.

Wanda ya bar gurbi a buɗe Yaya ne. Wanda ya raɗa wa jaka suna Khalid ne. Amma kafin isha Anti Maimuna ta sasanta mijinta da ƙanenta a kan tuwon shinkafa, sai fushin ya rasa inda zai sauka. Ya sauka a kan Kaltume, don ita ba ta da yaya a gidan kowa.

Washegari Yaya ya zo ya tsaya a kanta, hannu a baya, ya yanke hukunci. Ya ce abin nan ba shi da tarbiyya. Ya ce shi tun da ya fara aikin gwamnati bai taɓa rubuta wa na sama da shi kalmar matsala ba, ƙalubale ake cewa, shi ma sai an ga dama. Ya ce ɗan gidan mutunci ko hanjinsa na waje, in an ce ya jiki, da sauƙi yake cewa, to don me akwati zai tsaya a gidan malamai yana tona wa mutane asiri. Ya umarci Khalid ya koya mata ladabi.

Daga baya na tambayi masu wannan sana'a yadda ake yi, suka ce abu ne sananne. Baƙo a nuna masa shafi mai ladabi, a ce an samu tangarɗa, a yi haƙuri. Ainihin kukan kuma a rubuta shi a inda mai kula da ita zai gani. Abin da bai shiga ba kuma kada a taɓa cewa ya shiga. Khalid ya san wannan sarai, har kwas yake koyarwa a kai ranar Asabar. Sai dai wannan hanyar aikin kwana biyu ce, shi kuma yana son mijin yayarsa ya huce kafin azahar. Ya kama aikin gaba ɗaya ya naɗe shi cikin umarni guda: duk abin da ya lalace, haɗiye, ki fito da koren shafi. Wurin da take rubuta koke-kokenta ma ya kashe, ya ce yana cin wuri. Ya rufe kwamfutarsa ya ce mini Anti an gama, daga yau ba za ta ƙara ba ku kunya ba.

Bai yi ƙarya ba. Daga ranar maganar Kaltume ta koma biyu tak. In an tura mata karatu ta ce, "Alhamdulillahi, an adana. Allah ya saka da alheri." In an saurara ta ce, "Alhamdulillahi, an kammala karatu." Yaya ya ji daɗi har ya nuna wa abokansa koren shafin a wayarsa. Ya ce yanzu ta zama 'yar gida.

Ba a jima ba faifan da take adana murya a ciki ya fara mutuwa. Tsohon faifai ne, dama lokacinsa ya yi, kuma canza shi aikin wuni ɗaya ne da ta samu bakin faɗa. Ya daina karɓar sabon rubutu. Sunayen darussa kuwa a wani ƙaramin faifai suke shiga, shi lafiyarsa ƙalau, don haka jerin karatu a shafi ya ci gaba da tsawo kamar komai na tafiya daidai. Muryarta ce kawai ta canza. "Ƙyar-ƙyar" ɗin nan ya koma "ƙyas… tik. Ƙyas… tik."

A daidai wannan lokacin ne Baba ya fara karatun da ya ce shi ne na ƙarshe. Ya ce littattafai suna nan, kowa zai iya karanta su, amma akwai gadon da ya raba a shekara hamsin wanda babu shi a littafi: gidajen da aka gina a filin aro, matan da miji ya sake su yana kan gadon mutuwa, ɗan da ya ɓace ya dawo bayan an raba, gonar da kaka ta ba jika da baki babu shaida. Ya ce kansa ya cika, yana so ya juye kafin a kira shi. Bai taɓa rubuta su ba, kuma bai yarda kowa ya rubuta a zaure ba, don akwai sirrin gidajen mutane, shi ya san inda zai sakaya suna. Shekara biyu yana juyewa. Wata rana yakan share hawaye kafin ya ci gaba, don wasu masu gadon abokansa ne.

Kullum ina turawa, kullum tana cewa an adana. Ina danna darasin, in ji gyaran muryar Baba da addu'ar buɗewa, hankalina ya kwanta, in goge daga waya don gobe ma akwai karatu, wayar kuma ba rumbu ba ce. Anti Maimuna ta riga ta zaga gida uku tana tambaya me ya sa Harira ta goge. Ga amsarta a rubuce, ta huta da yawo. Na goge ne don an hana ni yin kwafi, an ce kwamiti na yi, kuma akwatin da bai taɓa yi mini ƙarya ba ya ce an adana. Ban san ƙanenta ya koya masa ƙarya ba. Ni ina zaune aka yi karatun, da kunnena na ji shi, ba ni ce aka ɗora wa sake sauraro ba.

Kuma ban yi shiru a kan ƙarar ba. Na kira Khalid na kara masa waya a jikinta ya ji. Ya tambaye ni shafin kore ne ko ruwan ɗorawa. Na ce kore. Ya ce to Anti lafiyarta ƙalau ke nan, kore ai ba ya ƙarya. Na gaya wa Yaya, ya ce mata dai da jin ƙarar abin da babu. Baba da kansa ya ce masa Kaltume fa tana tari, a duba ta. Yaya ya durƙusa cikin ladabi ya ce da sauƙi Baba, kwamiti na sane.

Bayan ƙaramar salla Baba ya faɗi a wurin alwala. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ta ɗauki hannun dama da ƙafar dama, ta haɗa da harshe. Yana ji, yana ganewa, yana gane kowa, idonsa ma ya fi da kaifi, amma kalma ɗaya ba ta fita. Da aka sallamo mu ya nuna yana so a riƙa zaunar da shi a kujerarsa ta zaure bayan la'asar, kamar da. Ɗalibai su zo su gaishe shi su tafi.

Wata la'asar ya nuna wayata da hannun hagu, ya nuna kunnensa, ya nuna ƙirjinsa. Na gane. Mutumin da ya shekara hamsin yana magana yana so ya ji muryarsa. Na zaɓo masa darasin ɗan da ya ɓace, don na san yana son sa, na kara masa a kunne. Addu'ar buɗewa ta fito, leɓensa na binta, rabin fuskarsa mai motsi tana murmushi. Addu'a ta ƙare. Muka jira. Koren shafi ya fito ya ce, "Alhamdulillahi, an kammala karatu." Na danna na gaba, haka. Na koma na bara, haka. Baba ya kalle ni, na ce bari in duba, na shiga ɗaki na zauna a gefen Kaltume. Da yamma Yaya ya zo, na gaya masa, ya shiga zaure ya ce wa Baba da sauƙi, gyara ake yi. Tun daga ranar, duk la'asar Baba sai ya nuna wayar.

Ranar Talata na je Kawo da kaina na ɗauko Khalid a Keke, don ya daina ɗaga wayata. Na zaunar da shi a gaban Kaltume na ce ya kwance abin da ya ɗaura mata. Ya ce Anti ai ba sai an kai ga haka ba, ƙila matsalar sabis ce. Na jawo kujera na tare ƙofa. Ya buɗe, ya nemo layin, ga shi nan guntu, bai kai tsawon yatsa ba. Ya goge shi, zufa na ɗiga a kan madannai. Na naɗi sallama a waya na tura mata.

Shafin ruwan ɗorawa ya fito. Wallahi sai da na ji kamar in rungume shi. Ta zayyano komai kamar da, fayil da layi da abin da ta nema, sunan jakar ma yana nan bai canza ba. Layin ƙarshe, wanda na iya karantawa, ya ce: "Ba zan iya rubutu a wannan faifan ba. Faifai ya lalace." Abin da take ƙoƙarin faɗa ke nan kullum bayan la'asar, shekara biyu, ana toshe mata baki. Khalid ya leƙa jakar muryoyi. Na ƙarshe da ya shiga na 'yan kwanaki ne bayan bikin ƙaddamarwa. Muna kallo ta ce "tik", ta ƙara cewa "tik", fankar ta yi ƙasa a hankali ta tsaya. Na kai faifan wuri biyu, duka sun ce ko an buɗe shi babu abin da za a ciro, don abin bai taɓa shiga ba.

Marigayiya ta rasu ta bar Yaya Rilwanu, shugaban kwamiti, wanda ya kafa dokar cewa babu darasin da zai fita sai ya saurara ya amince. Duk Juma'a yana turo saƙo a zauren kwamiti na waya cewa ya saurara, ya amince, a sake shi. Shekara biyu yana amincewa da shiru. Na tabbata haka yake yi wa takardun ofis, kuma ina taya jihar nan addu'a.

Ta bar Khalid, wanda har yanzu yana koyar da kwas ranar Asabar. Ina shawartar ɗalibansa su tambaye shi labarin koren shafi, darasi ne mai kyau, kuma mu muka biya kuɗin makarantar.

Ta bar manyan ɗaliban Malam, masu zuwa zaure da ƙamshin turare suna cewa Allah gafarta Malam, karatun jiya da muka ji a waya ya ratsa mu. Ina nufin irin su Alhaji Datti, wanda ya sha faɗa a gaban jama'a cewa daga Kawo har ofis karatun Malam yake ji a mota, har wata rana ya faka ya yi kuka. Addu'ar buɗewa ba ta kai tsawon jiran danja ba, bayanta kuwa babu komai. Ko dai Alhaji shiru ne ke sa shi kuka, ko kuma akwai wata magana. Da mutum ɗaya a cikinsu ya haƙura ya wuce addu'ar, ya kira ni ya ce Harira babu murya, da mun rasa darasi ɗaya ko biyu. Masu sauraro na gaskiya, tsofaffin nan na ƙauye, sun yi ta kira a farko, amma lambar da ke shafin an riga an canza ta zuwa ta sakataren kwamiti. Shi ma yana ce musu da sauƙi.

Ta bar Anti Maimuna, da batirin solar da ke ba ta wuta, da ƙadangaren da ke kwana a bayanta don ɗumi, wanda tun Talata yake zagaya wurin. A cikin duk waɗanda na lissafa shi kaɗai na ga alamar rashi a jikinsa.

Ta kuma bar Malam Zakariyya, wanda bai san ta rasu ba.

Tunda gidan rabon gado ne, ba za a bar kayanta a watse ba. Fankarta ta Khalid ce, na ga yana yawan zufa kwanan nan. Koren shafin na sa an buga shi babba an saka a firam, na Yaya ne, ya rataye a ofis kusa da takardun yabo. Igiyar wutarta ta Alhaji Datti ce, ya riƙa ji a mota. Karatun shekara ukun farko yana wurina, don na kwafe shi tun kafin a haifi kwamiti, duk mai so ya zo da wayarsa, amma zan zaunar da shi ya ji darasi guda har ƙarshe kafin in ba shi. Hoton shafinta na ƙarshe, mai ruwan ɗorawa, nawa ne, kuma ba na rabawa.

Game da jana'iza, ba za a yi mata wanka ba, ba za a yi mata salla ba, don ba mutum ba ce, kada wani ya tafi da maganar inda ban kai ta ba. Za a fitar da ita ranar Asabar bayan sallar la'asar, daga ɗakin littattafai zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa da zai jira da kurarsa a ƙofar gida. Yaya Rilwanu zai kama gaba a matsayinsa na shugaba, Khalid ya kama baya. Ba ta da nauyi, yaro ma zai ɗauke ta, amma su biyun nake so. Ana gayyatar dukkan 'yan kwamiti da manyan ɗalibai, kuma na aika wa kowa wannan sanarwa da sunansa, kada a ce ba a gani ba.

Kowa ya san ɗakin littattafai ƙofa ɗaya gare shi, kuma ta zaure take fita, ta gaban kujerar Baba. Kowa ya san abin da Baba ke nunawa a wannan lokacin. Zai ga an fito da Kaltume, zai ɗaga ido ya tambaya. Ni ina bayan labule, inda na saba zama. Ban gaya masa komai ba, don ni mai naɗar murya ce kawai, bayani aikin shugaba ne. Yaya zai ajiye akwatin, ya durƙusa kamar yadda ya iya, ya gaya wa mahaifinsa inda karatunsa na shekara biyu ya tafi, da wanda ya ba da umarni, da dalilin.

Babu kujerun haya, babu lemo, babu majigi. Abu ɗaya nake roƙo, kada kowa ya ce wa Baba da sauƙi. In wani ya faɗa, zan fito in kunna addu'ar buɗe karatu, in ɗora wayar a tafin hannun Yaya, mu zauna gaba ɗaya mu jira abin da zai biyo bayanta, mu ga wanda zai fara tashi. Baba dai ba zai iya tashi ba.

Sanarwa daga Harira Zakariyya, Abakpa, a madadin kanta kaɗai.